Furotin bai gama fitowa ba, amma har ya fara ba da umarni

Duk wanda ya zauna jarrabawar bayoloji ta WAEC ko NECO a garin nan ya san zanen nan mai kibiya biyu: daga DNA zuwa RNA ɗan aike, daga ɗan aike zuwa furotin. Malami ya zana a allo, ɗalibai su kwafa, a haddace, a ci maki. Zanen ba ƙarya ba ne. Illarsa dai ita ce yana barin ɗalibi da zaton cewa a wurin DNA ake yanke duk wani hukunci, sauran kuwa nasu bi ne kawai. Binciken shekaru arba'in da suka wuce ya nuna abin ya wuce nan. Hukunci mai yawa a bakin aiki ake yanke shi, a daidai lokacin da ake haɗa furotin ɗin, kuma masu yanke shi su biyu ne da littafin sakandare bai ba su baki ba: shi ɗan aiken da kansa, da guntun furotin da bai kammala ba, wanda masana ke kira feftayid mai tasowa. Na biyun nan ya fi ba ni mamaki, kuma labarinsa yana kaiwa har kantin kemis na unguwa.

Aikin kansa ga yadda yake. Ɗan aike dogon zare ne da aka rubuta da haruffa huɗu, A da U da G da C. Injin da ke karanta shi, wato ribosom, uku-uku yake ɗaukar haruffan, kowane uku kuma sunansa kodon. Kodon 64 ne gaba ɗaya: 61 suna kiran amino asid, waɗanda iri 20 ne, ukun da suka rage kuwa, UAA da UAG da UGA, cewa suke a tsaya. A 1961 aka tabbatar da samuwar ɗan aiken, a shekarar ce kuma Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei suka gano ma'anar kodon na farko a Amurka. Ribosom na bakteriya yana ɗaura amino asid 15 zuwa 20 a daƙiƙa guda, namu na mutane wajen biyar ko shida. Sarƙar da ake ɗaurawa ita ce furotin.

Sarƙar nan ba tsalle take yi ta faɗo waje ba. Akwai wani siririn rami a cikin babban ɓangaren ribosom, tsawonsa kamar nanomita 10 (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita guda), ta nan take bi ta fita. A kowane lokaci amino asid 30 zuwa 40 na ƙarshe da aka ɗaura suna cikin ramin. A 2000 ne Thomas Steitz da Peter Moore da abokan aikinsu a Jami'ar Yale suka fitar da siffar wannan ɓangare dalla-dalla, aikin da ya sa Steitz ya raba kyautar Nobel ta 2009 da Ada Yonath da Venkatraman Ramakrishnan. Da farko an ɗauka bangon ramin santsi ne da shi, komai ya zo sai ya zame ya wuce, tunda dubban furotin iri-iri ke bi ta cikinsa. Ashe akwai jerin amino asid da ke maƙalewa a bangon, musamman a wata matsattsiyar kwana da ke kusa da farkon ramin, kuma idan suka maƙale sai wurin ɗauri ya karkace, aiki ya tsaya cak.

Wanda ya taɓa zama a shagon tela ana jajiberin Salla ya ga irin wannan. Yadin da aka riga aka ɗinka yana fita ta bayan allura, in ya cukuikuye a can sai keke ya cije, duk yadda tela ya taka ba ya gaba, sai ya sa hannu ta baya ya ja yadin sannan ɗinki ya ci gaba. Bambancin kawai shi ne a wurin tela cijewar matsala ce, ita kuwa ƙwayar halitta da gangan take shirya ta.

Misalin da ya fi fito da wannan fili daga Japan ya zo. A 2001 da 2002, Hitoshi Nakatogawa da Koreaki Ito na Jami'ar Kyoto sun yi bayanin wani furotin na bakteriyar hanji E. coli mai suna SecM. Bakteriyar tana da wani furotin, SecA, wanda aikinsa tura sauran furotin su ratsa fatarta su fita. Saƙon SecM da na SecA a kan ɗan aike guda suke, SecM a gaba. A tsakaninsu zaren ya naɗe kansa ya rufe wurin da ribosom zai hau ya fara karanta SecA. To shi SecM, kusa da ƙarshensa akwai jerin amino asid 17 da ke cije ramin. Idan hanyar fitar da kaya lafiya take, sai ta kama kan SecM da ya riga ya leƙo waje ta ja shi, cijewar ta saki nan take, ribosom ya wuce, naɗin ya koma ya rufe. Idan kuwa hanyar ta yi rauni, babu mai ja. Ribosom sai ya daɗe a tsaye, kuma a inda yake tsayen yana danne zaren ne, ya hana naɗin haɗuwa. Ƙofar SecA ta zauna a buɗe, a yi ta ƙera shi har hanya ta gyaru. Da na gaba ake gane zurfin ruwa: SecM ba shi da wani aikin da ya wuce a tura shi ya gwada hanya, wanda ya fita ma sarewa ake yi.

Wasu feftayid ɗin kuwa ba ja suke ji ba, sinadari suke ji. Charles Yanofsky na Jami'ar Stanford ya nuna wani ɗan guntu mai amino asid 24, TnaC, wanda ba ya cijewa sai in amino asid tiriftofan ya yi yawa a cikin bakteriya har ya shiga ramin ya zauna a gefensa. Wannan tsayawar ce ke ba da damar a ƙera sinadarin da zai narkar da rarar.

Wanda ya shafe mu kai tsaye shi ne na maganin kashe ƙwayoyin cuta. Da yawa daga magungunan da muke sha ribosom na bakteriya suke hari: tetarasaikilin, jentamaisin, kuloramfenikol, eritromaisin da ƙaninsa azitromaisin. Biyun ƙarshen nan a cikin ramin suke zama, dab da mashigarsa, su matse hanya. Wasu daga cikin bakteriyar Staphylococcus aureus, mai kawo maruru da ruɓar ciwo, suna ɗauke da ƙwayar gado mai suna ermC. Furotin ɗin da take bayarwa yana liƙa 'yar alama a kan harafi guda na RNA ɗin ribosom, a daidai mazaunin maganin, daga nan magani ba ya ƙara samun wurin zama. Sai dai alamar tana da tsada, domin ribosom mai ɗauke da ita ba ya aiki daidai yadda ya saba. Shi ya sa bakteriya ba ta son kunna wannan kariya sai da dalili.

Tun 1980 ɗakunan binciken Bernard Weisblum da David Dubnau suka gano dabarar. A gaban saƙon ermC akwai gajeren saƙo na feftayid mai amino asid 19. In babu magani, ribosom ya karanta shi ya sauka, saƙon ermC kuwa yana nan a naɗe a rufe. In eritromaisin ya shigo ya zauna a ramin, ribosom zai fara karanta gajeren saƙon, yana kaiwa amino asid na tara sai feftayid da magani su haɗu su cije. Tsayawar ta warware naɗin, ƙofar ermC ta buɗe. Wato maganin da kansa ne mabuɗin kariyar da za a yi daga gare shi. Akwai kuma wani abin lura a nan: kafin dabarar ta ci, dole a sami ribosom da magani ya kama don ya tsaya a kan gajeren saƙon, a kuma sami wasu da bai kama ba don su ƙera furotin ɗin kariya. Wannan yanayi ya fi samuwa ne idan maganin ɗan kaɗan ne a jiki.

To mu kuma mun san yadda cinikin yake a unguwa. Mutum ya tsaya a bakin kanta bayan Magariba ya ce, “Malam, ba ni na ciwon maƙogwaro, na ɗari biyar.” A ɗauko almakashi a yanko masa ƙwaya uku ko huɗu daga jikin sacet, ya sha yau, gobe ya manta, jibi ya sha ɗaya. Ba wannan ne ke ƙirƙiro ermC ba, bakteriya ta gada ne ko ta karɓa daga wata. Amma irin wannan shan yana bai wa mai ɗauke da ita sararin kunna kariyarta, ya kuma share mata fili ta hanyar raunana makwabtanta marasa kariya. Ban ga amfanin ɗora wa mai saye laifi shi kaɗai ba, wanda kuɗinsa ke nan abin da zai saya ke nan. Ita dai bakteriya ba ruwanta da dalilinsa.

Ana iya ganin wannan da ido a ɗakin gwajin ƙwayoyin cuta na kowane asibitin koyarwa, kuma gwaji ne mai arha. A shafa bakteriyar a faranti, a ɗora 'yar takarda mai eritromaisin, a ɗora wata mai kilindamaisin kusa da ita, tazarar milimita 15 zuwa 26, a bar su kwana cikin ɗumi. Da safe, in bakteriyar na jin kilindamaisin, za a ga fili da'ira a kewayen takardarsa inda ba abin da ya tsiro. Amma in tana da irin wannan ɓoyayyiyar kariya, gefen da'irar da ke fuskantar eritromaisin zai baje ya miƙe, filin ya koma siffar harafin D. Dalili kuwa, kilindamaisin ba ya kunna ermC, amma alamar da ermC ke liƙawa tana tare shi shi ma, saboda mazauninsu kusa suke. Inda ɗan eritromaisin ya tsiyayo ya iso, nan bakteriya ta kunna kariya ta tsiro har gindin ɗaya maganin. Ma'aikacin da ya ga D zai rubuta wa likita cewa kada a dogara da kilindamaisin, ko da shi kaɗai ya nuna kamar yana aiki. Miƙaƙƙen gefen nan tsayawar ribosom ce a kan amino asid na tara, ta girma har ido ya iya ganin ta.

Lissafin ba mai sauƙi ba ne ko ga masana. A babban gwajin da aka yi a Nijar da Malawi da Tanzaniya, wanda sakamakonsa ya fito a 2018, raba wa ƙananan yara azitromaisin sau biyu a shekara ya rage mutuwarsu da kusan kashi 13 cikin 100, a Nijar ma kashi 18. A garuruwan da aka raba kuma an ga ƙaruwar bakteriya masu bijire wa wannan dangin magani. Shi ya sa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta haɗa rabon da sharaɗin a riƙa sa ido kan bijirewar.

A jikinmu ma feftayid mai tasowa yana magana. Insulin, da farko, yana ɗauke da amino asid 24 a kansa waɗanda ba sa cikin insulin da ke yawo a jini. Adireshi ne. Suna leƙowa daga rami sai wani mai gadi ya kama su, ya sassauta gudun ribosom, ya ja shi zuwa sashen da ake shirya kayan fita, sannan aiki ya ci gaba, a guntule adireshin. Günter Blobel ya sami Nobel a 1999 kan wannan. Tubulin kuma, furotin da ke yi wa ƙwayar halitta ginshiƙai, in ya yi yawa sai a gane amino asid huɗu na farkonsa suna fitowa daga rami, a bi ta kansu a lalata ɗan aiken da ake karantawa. Tun shekarun 1980 aka san haka na faruwa, amma sai 2020 aka gano furotin mai ganewar, TTC5, a Kambirij ta Ingila.

Shi kuma ɗan aike, ba duk haruffansa ne saƙo ba. Yana da goshi kafin saƙo ya fara, yana da wutsiya bayan ya ƙare, kuma a nan yawancin ƙa'idojinsa suke. Misalin da zan tsaya a kai shi ne na sinadarin ƙarfe, tunda ƙarancin jini ba baƙo ba ne a gidajenmu, duk matar da ta je awo ta san jajayen ƙwayoyin nan na ƙarin jini. Ƙarfe abin buƙata ne, amma in ya yi yawo sakaka yana yi wa ƙwayar halitta ɓarna. Don haka akwai rumbunsa, furotin feritin, wanda guda ɗaya kan ɗauki zarrar ƙarfe har kusan 4,500, akwai kuma ƙofar shigo da shi daga jini. A 1987 aka gano cewa a goshin ɗan aiken feritin akwai ɗan naɗi na haruffa wajen 30. Idan ƙarfe ya yi ƙaranci, wani furotin sai ya hau naɗin ya zauna, ribosom ya rasa hanyar wucewa, a daina gina rumbu tunda ba abin ajiyewa. Irin wannan naɗin guda biyar ne a jikin ɗan aiken ƙofar shigowa, amma a wutsiya. Shi dai furotin ɗin nan in ya hau su, kare ɗan aiken yake yi daga masu sare shi, sai ya daɗe, a ƙera ƙofofi da yawa. Naɗi iri ɗaya, mai hawa ɗaya, a goshi ya rufe, a wutsiya ya raya. Da ƙarfe ya wadata sai mai hawan ya sauka, komai ya juya.

Jar ƙwayar jini ce ta fi nuna dalilin da ya sa ake buƙatar iko a wannan mataki. Jiki yana ƙera kusan miliyan 2 a kowace daƙiƙa, kuma kafin kowace ta nuna sai ta jefar da cibiyarta, DNA da komai. Duk da haka tana ci gaba da ƙera himogulobin na ɗan lokaci da ɗan aiken da ya rage mata. Wa za ta tambaya a sama? Babu kowa. Himogulobin sarƙa huɗu ne, biyu masu amino asid 141, biyu masu 146, kowace na buƙatar ɗan ƙullin ƙarfe da ake kira him. In him ya yanke aka ci gaba da ƙera sarƙoƙin, dunƙulewa za su yi su lalata ƙwayar. Saboda haka akwai furotin mai suna HRI da ke farkawa idan him ya yi ƙaranci, ya sa wa ɗaya daga masu ɗora ribosom a farkon saƙo birki. Wannan na cikin dalilan da suka sa jinin mai ƙarancin ƙarfe, in an duba a madubin likita, ƙwayoyinsa ƙanana ne kuma koɗaɗɗu: an rage aiki daidai da kayan da ake da su.

Abin sha'awa, a lokacin da birkin ya rage yawancin saƙonni, wasu 'yan kaɗan tashi suke yi. Ɗan aiken ATF4, furotin mai shirya ƙwayar halitta ta jure wuya, yana da gajerun saƙonni biyu na yaudara a goshinsa. A ranar lafiya ribosom yana gama na farko, ya sake shiri da wuri, ya faɗa na biyu, wanda ke ɗauke shi ya tsallake mafarin saƙon gaskiya. A ranar wuya shirin yana jinkiri, ya wuce na biyu bai shirya ba, sai ya shirya daidai kan mafarin ATF4. Alan Hinnebusch ne ya fara warware irin wannan a yis cikin shekarun 1980. Kusan rabin 'yan aiken mutum suna da irin waɗannan gajerun saƙonni a goshi.

Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ma ta iya. Macen ƙwayar da ke jiran sauro a cikin jinin mutum tana rubuta ɗaruruwan 'yan aike ta ɗaure su ta ajiye, ba a karantawa sai ta tsinci kanta a cikin sauro, inda ba lokacin fara rubutu. A 2006 aka nuna, a nau'in da ke kama ɓeraye, cewa in an cire furotin DOZI mai ɗaurin, ƙwayar ba ta iya ci gaba a cikin sauron. Akwai kuma bakteriya mai naɗin da ke narkewa a zafin jikin mutum, digiri 37, sannan ta fara ƙera makaman da take cutarwa da su, da ƙananan RNA masu kashe bakin 'yan aike, waɗanda Victor Ambros da Gary Ruvkun suka sami Nobel a kansu a 2024.

Kada dai a ɗauka tsarin ya san komai. Siffa yake dubawa, ba ma'ana ba. In kuskuren gado ya sa kodon tsayawa a tsakiyar saƙo, ribosom zai sauka tun bai share wasu alamomin da ke gaba ba, a gane saƙon guntu ne a lalata shi. Haka ke faruwa a wani nau'in talasimiya, wata cutar ƙarancin jini da ake gada. A amosanin jini kuwa, wanda kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya ke ɗauke da gadonsa, harafi ɗaya ne ya sauya a saƙon sarƙa mai 146: GAG ya zama GUG, amino asid mai suna balin ya maye gurbin gulutamik asid a gurbi na shida. GUG kodon ne halastacce, saƙo ya fara daidai ya ƙare daidai, sarƙa ta bi rami ba ta cije ba. Ba mai tare ta. Sai can a jijiya, in iskar numfashi ta ragu, himogulobin ɗin ya manne wa juna ya lanƙwasa ƙwaya ta zama lauje.

Sanin cewa ramin yana jin abin da ke wucewa ta cikinsa ya canza yadda ake kallon magani. A da ana cewa eritromaisin toshe rami yake yi gaba ɗaya. Alexander Mankin da Nora Vázquez-Laslop a Shikago sun nuna cewa wasu furotin suna raɓawa su wuce, wasu ne ke tsayawa, gwargwadon jerin amino asid ɗinsu. A 2016 suka nuna kuloramfenikol ma ya fi tsayar da ribosom idan amino asid na kusa da ƙarshe a sarƙar alanin ne. In haka ne, ana iya neman maganin da zai tsayar da furotin guda ya ƙyale saura, har a jikin mutum. A 2017 masu bincike a Amurka sun ba da rahoton wani ƙaramin sinadari da ke sa ribosom ɗin mutum ya cije yayin da yake ƙera PCSK9, furotin da ke ɗaga kitsen kolestarol a jini, ya bar mafi yawan saura suna tafiya. Da aka bai wa ɓeraye, PCSK9 ya ragu a jininsu, kolestarol ma ya sauka.